Da Jakata Zan Shiga Gidanku

"Ba zan ci ba, Hajiya."



Raihanatu ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ɗaga kai ba. Tana zaune a bakin gado, hannunta ɗaya dafe da gefen cikinta na dama, inda jakar da aka sa mata bayan aikin hanji take manne a ƙarƙashin zani. A gabanta akushi ne shaƙe da dambun zogale, an barbaɗe shi da ƙuli-ƙuli da ɗanyar albasa. Kusa da shi kwalba ce mai baƙin jiƙo.

Hajiya Hindu, mahaifiyar saurayinta Abdulmajid, wadda ta taso tun daga Jega cikin zafin bazara don ta duba ta, ta juya ta kalli Gwaggo Barakatu.

"Mi tac ce?"

Gwaggo ta matso da sauri. Ita ta riƙe Raihanatu tun tana goye, bayan rasuwar uwarta.

"Hajiya, ciwo ne... ba ta san abin da take hwaɗi ba."

"Na sani, Gwaggo," in ji Raihanatu a hankali. "Hajiya, Allah shi saka da alheri, Allah shi bar zumunci. Amma zogale da gyaɗa suna iya toshe mini hanji yanzu. Ɗanyar albasa kuwa kumbura ni take. Jiƙon ga kuma, in da filasko ciki..."

"Da shi ciki! Wankin ciki ne, mi za a sa in ba filasko ba?"

"To ba zan iya sha ba."

Wata siririyar dariya ta fito daga bakin ƙofa. Zinatu ce, ɗiyar ƙanen Hajiya, wadda duk dangi suka san tun tana 'yar makaranta take wa Abdulmajid kwalliya ba ya gani.

"Ikon Allah! Ɗiyar Aliero ke gudun albasa!"

Ba wanda ya taya ta dariya. Kowa a ɗakin ya san nauyin abin da ya faru. A wajensu ba a mayar da abincin surukai. Ko mai gargarar mutuwa aka miƙa wa, zai daure ya taɓa a leɓe a gaban wanda ya kawo. Wanda ya ƙi, ɗayan biyu yake nufi: ko ya raina masu kawowa, ko yana zargin an zuba masa wani abu.

"Da hannuna niy yi shi," in ji Hajiya. "Tun da asuba. Sammu kike zaton na zuba miki?"

"Wallahi a'a, Hajiya!"

"To loma ɗaya."

Raihanatu ta dubi akushin. Ta tuna daren farko da ta ci wake bayan sallamarta daga asibiti, yadda cikinta ya ɗaure kamar an murɗe tsumma. Ta girgiza kai.

Zinatu ta ja gefen mayafi ta toshe hanci.

"Hajiya mu tashi don Allah, ni numfashina ya fara tsayawa."

Sai a lokacin Raihanatu ta ɗago ido.

"Ba jakata ba ce ke wari, Zinatu. Albasar da kunka zo da ita ce."

Hajiya ta miƙe. Ta bar akushin, ta bar kwalbar, ta tsaya a bakin ƙofa ba tare da ta waiwayo ba.

"Barakatu, ga magani nan. In ta sha, na san ta ɗauke ni uwa, mu ci gaba da maganar biki. In ba ta sha ba, ku shirya mayar muna da kayan sa-ranarmu."

*

Shekara biyu ke nan da yanke jihar Kabi daga Sakkwato. A lokacin ne aka tura Abdulmajid Maiyama a matsayin malamin gona, yana yawo da babur ƙauye-ƙauye. Wata rana ya biya ta fadamar Malam Gado a Aliero don duba tsutsar da ke cin albasa, ya tarar da ɗiyarsa Raihanatu ta kawo wa babanta fura, tana kuma gaya masa cewa malaman gona ba su san komai ba sai takarda.

Ya dawo bayan sati, wai duba tsutsa. Ya sake dawowa bayan kwana uku, alhali tsutsa ta mutu.

An sa rana, sati biyu bayan babbar salla.

Sai zazzaɓin taifot ya kwantar da ita. An yi ta jiƙe-jiƙe a gida har hanjinta ya huje. Da aka kai ta babban asibiti a Sakkwato, likita ya ce ba a iya haɗa hanjin nan take ba, ya yi rauni. Suka fito da bakinsa ta gefen cikinta, suka manna masa jaka. Ta nan bayan gida zai riƙa fita har sai cikin ya warke.

Kwana uku ta yi ba ta kalli wurin ba. A na huɗu wata nas mai suna Sista Safiya ta zo ta zauna kusa da ita, ta kama haɓarta.

"Ke, kalle shi. Naki ne. In ba ki koyi halinsa ba, shi zai riƙa juya ki."

Ta koya mata komai. Cewa a satuttukan farko abin zai riƙa fita kore-kore, tsinkakke, sannan a hankali ya yi kauri kamar kunu. Cewa ta ci kaɗan-kaɗan, ta tauna sosai, ta gwada sabon abinci ɗaya-ɗaya ta ga yadda zai yi mata. Tuwon shinkafa da ayaba suna ɗaure shi. Kayan ganye da gyaɗa da rake su jira tukuna. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Babban abin tsoro shi ne ranar da ya tsinke kamar ruwa, jaka na cika kina zubarwa ba hutawa. Ranar nan ruwan jikinki da gishirinsa ke tafiya. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari ki yi ta kurɓa. In bai tsaya ba, asibiti. Kada ki bari kowa ya ba ki maganin wankin ciki. Kowa na ce, ko uwarki."

Sati bakwai ke nan. Raihanatu ta san jakarta kamar yadda babanta ya san fadamarsa. Ta san lokacin da take yin shiru, bayan la'asar, ta san kuma lokacin da take aiki.

Abin da ba ta sani ba shi ne ko Abdulmajid zai tsaya.

*

Washegarin zuwan Hajiya da yamma ta ji ƙarar baburinsa. Ta yafa mayafi ta same shi a zaure, ƙura har gira, idanunsa jajur.

"Rai na..."

"Sannu da hanya, Malam."

"Mi yas sa kika yi haka?"

Ta zauna a kan tabarma nesa da shi kaɗan.

"Gaisuwar ke nan?"

"Yi haƙuri. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Ya goge fuska da tafin hannu.

"Hajiya ko abinci ba ta ci ba jiya. Ta ce kin kunyata ta gaban mutane. Zinatu kuma ta bi gidajen dangi tana hwaɗin wai hanjinki a waje yake yana reto, wai ba ki salla, wai ba za ki taɓa haihuwa ba..."

"Kai mi kac ce?"

"Na ce ƙarya ne!"

"Ya aka yi ka sani? Ka taɓa gani?"

Tun da aka yi aikin bai taɓa tambayarta yadda abin yake ba. Yakan kawo lemo da sabulu, ya zauna ya yi ta ba ta labarin Maiyama, idonsa ko'ina yana zuwa ban da gefen cikinta.

"Masoyiyata, ki taimake ni. Maƙurwa ɗaya ta jiƙon nan. Ɗaya tak! In je in ce mata kin sha, shi ke nan, a yi bikinmu."

Raihanatu ta daɗe tana kallonsa.

"In wani manomi ya ce ka zuba wa albasa maganin da ka san zai ƙone ta, don kada ran babansa shi ɓaci, za ka zuba?"

"Wannan daban..."

"Awo, daban ne. Albasa ana sake shukawa."

"Raihanatu!"

"Ina son ka, Malam. Allah ya sani, kai ma ka sani. Amma ba zan sha abin da zai kashe ni don a ce ina da kunya ba. In auren nan sai da jiƙo, to a bar shi."

Hawaye suka cika mata ido, ta hana su zubowa har ta shige cikin gida.

Gwaggo Barakatu na bayan zana, ta ji komai.

*

Kwana biyu Gwaggo ba ta da sukuni. Ta ga yarinyar da ta raina za ta rasa miji, ta ga kuma wa zai sake neman mai jaka a ciki? A rana ta uku da safe ta dama kunun tsamiya, ta sa sukari da yawa, ta tsiyaya rabin kwalbar Hajiya a ciki. A zuciyarta, magani ne da kowa ke sha. Ita kanta ta sha shi ya fi sau ɗari.

Raihanatu ta sha, ta ce tsamiyar yau ta yi ƙarfi.

Kafin hantsi ya ɗaga, jakar ta cika. Ta zubar. Ba ta kai ga zama ba ta sake cika. Ba kauri, ba komai, ruwa ne tsagwaron. Sau huɗu, sau biyar, sau shida... Rana ta take, ɗakin ya zama kamar tanda, ladanai na kiran azahar tana jin su kamar daga ƙasan rijiya.

"Gwaggo... mi kika sa a kunun nan?"

Gwaggo ta fashe da kuka.

"Don ke niy yi! Don aurenki niy yi, ɗiyata!"

"Ba ni ruwa... da gishiri da sukari..."

"A'a! Ba ki ga ruwa ne ke zuba ba? In kika ƙara sha, ƙara zuba zai yi. Daure ya tsane tukuna."

Ta ɗauke tulun ta fitar da shi tsakar gida.

Raihanatu ta yunƙura ta bi ta, ƙafafunta suka ɗaure, jijiyoyin sangalinta suka murɗe, ta zube a bakin ƙofa. Harshenta ya bushe kamar fata. Malam Gado na kasuwar albasa tun safe, maƙwabta duk suna wajen ɗura buhu.

A haka ta ji babur.

Abdulmajid ya dawo ne don ya sake roƙon ta. Kukan Gwaggo ya ji daga zaure, ya manta da cewa shi suruki ne, ya faɗo cikin gidan da takalmansa.

"Innalillahi! Raihanatu! Rai na!"

Ta buɗe ido da ƙyar.

"Kada ka yi ihu... saurara. Ruwan da anka tafasa, shina cikin tukunya. Kwalbar lemo biyu. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a shafe bakinsa. Sukari ƙwaya biyar."

Gwaggo ta tare shi.

"Ɗan nan, kada ka ba ta! Ƙara zuba zai yi!"

Ya tsaya tsakaninsu, yana kallon tsohuwar da yake durƙusawa ya gaisar, yana kallon yarinyar da ke ƙasa.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Ita ta san cikinta."

Ya haɗa. Ya tallafo kanta yana ba ta kaɗan-kaɗan, kamar yadda take nuna masa da ido. Can sai ta riƙe hannunsa.

"Ta cika... za ta ɓalle. Ba ni iya tashi."

Ya gane. Ya waiga wajen Gwaggo, ta sulale jikin bango tana salati, ba ta da ƙarfin komai.

"Fita ka kira wata mace," in ji Raihanatu.

"Ba kowa a unguwar."

"To rufe idonka ka miƙo mini roba."

Bai rufe ba. Ya jawo robar, ya durƙusa, ita ta sassauta zanin iyakar wurin. Ga shi nan: ɗan nama ja, mai sheƙi, bai fi ƙaramin tumatir ba, cikin jaka mai haske. Ta zuba masa ido tana jiran ya kau da kai, ko ya yamutsa fuska.

"Shi ke nan?" ya ce. "Wannan ɗan abin ne duk Jega ke magana a kai?"

"Shi ke nan."

"Nuna mini yadda ake buɗe ƙasan."

Ta nuna masa. Ya zubar, ya goge bakin jakar, ya naɗe ya maƙale. Ya fita da robar ya wanke. Da ya dawo idanunsa sun jiƙe.

"Maƙurwa ɗaya na ce ki sha... Ni da bakina."

"Ka bar kuka, Malam, ka nemo mota. Wannan ya fi ƙarfin kwalbar lemo."

A bayan wata a-kori-kura aka shimfiɗa ta, tsakanin buhunan albasa, Gwaggo na riƙe da kanta, shi yana bin su a babur har asibitin Jega.

*

Kwana biyu ana ƙara mata ruwa. A na uku abin ya fara kauri, ta ci tuwon shinkafa da 'yar miya, aka sallame ta.

A bakin ƙofar asibiti ta tsaya.

"Malam, kai ni gidanku."

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Ke! Budurwa gidan surukai kafin aure? Mi za a ce?"

"An gama hwaɗin duk abin da za a hwaɗa, Gwaggo. Saura nawa."

Hajiya Hindu na zaune a rumfar tsakar gida tana tsince shinkafa, Zinatu na gefenta, sai ga sallama. Farantin ya kusa suɓucewa daga hannunta.

Raihanatu ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce:

"Hajiya, na sha jiƙon."

Hajiya ta kau da kai. Labari ya riga ya iso ta tun ranar, ɗanta bai ɓoye mata komai ba.

"Ban ce a ɗura miki a ɓoye ba."

"Na sani. Ba ƙara na kawo ba. Ina roƙon ki shiga ɗaki da ni, ke kaɗai."

"Hajiya kada ki shiga," in ji Zinatu da sauri, "irin wannan abin gani nai ma..."

"Ke kin gan shi?" Raihanatu ta tambaye ta.

"Allah shi kiyaye!"

"To da wane ido kika ga shina reto?"

Hajiya ta dubi Zinatu wani irin duba, ta ajiye faranti, ta shige ɗaki. Raihanatu ta bi ta, ta saki labule.

Ba ta yi wani dogon bayani ba. Ta kwance zani ta nuna mata.

Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta matso. Ta miƙa yatsa kamar za ta taɓa gefen jakar, ta janye.

"Da ciwo?"

"Shi kansa ba ya ciwo. Fatar gefen ce takan yi zafi in ruwa ya taɓa ta."

"Salla hwa?"

"Ban taɓa bari ba. Baba ya tambayi malamai, sunka ce lalura ce, in tsabtace in yi alwala in yi sallata."

Sannan Hajiya ta yi tambayar da ta fi ci mata rai, murya ƙasa-ƙasa.

"Haihuwa?"

"Likita ya ce mahaifata ba abin da ya same ta. Saura na Allah, kamar na kowace mace."

Hajiya ta zauna a bakin gado, ta sauke numfashi.

"To ji nan. An ce za a mayar da shi ciki a ɗinke. A ɗaga bikin sai an ɗinke. Ki shigo gidan ga kamar kowace amarya, ba mai nuna ki da baki. Wannan ai adalci ne."

Raihanatu ta ɗaura zaninta a natse.

"A'a, Hajiya."

"A'a kuma?"

"Likita ya ce wataƙila wata shida. Wataƙila shekara. Ya ce akwai waɗanda ba a mayar musu. In na ce miki tabbas za a ɗinke, na yi miki ƙarya. Kuma ba zan zauna ina jira a ɗinke ni kafin in zama mutum ba."

"Yarinya, da wa kike magana?"

"Da uwata, in kin yarda. In ba ki son auren, ki hwaɗa yau, Baba shi mayar da kaya, wallahi ba zan riƙe ki a rai ba. Zan yi kuka, in gama, in ci tuwona. In kuwa kin yarda, ranar da anka sa tana nan. Da jakata zan shiga gidanku."

Ba ta sunkuyar da kai ba.

Daga bayan labule aka yi gyaran murya. Abdulmajid ne.

"Hajiya, ban taɓa saɓa miki ba. Amma in ba ita ba..."

"Kai, wa ya kira ka? Ɓace mini daga nan!"

Ya ɓace. Hajiya ta zauna tana murza zoben hannunta. Ta dubi ramammun hannayen yarinyar, da tabon allurar ƙarin ruwa. Ta dubi idanun da suka ƙi sauka.

"Taurin kai kamar na jakin fatake," ta ce. "Tashi ki tafi gida."

Zuciyar Raihanatu ta faɗi. Ta miƙe, ta kai hannu ga labule.

"Kuma kada in sake ganin ƙafarki a nan. Ba a ganin amarya gidan miji sai an kawo ta."

Raihanatu ta tsaya cak.

Amarya...

Ta juyo. Hajiya ta riga ta ba ta baya, tana gyara matashin da ba abin da ya same shi.

*

An ɗaura aure ranar da aka sa.

Washegarin kai amarya, da hantsi, matan dangin ango suka cika ɗakin Hajiya don buɗar kai. Aka zaunar da Raihanatu a tsakiyar tabarma, lulluɓe da farin mayafi har ƙasa. Amarya a wannan zama ba ta magana, ba ta motsi, ba ta buɗe fuska sai uwar miji ta yaye mata da hannunta.

Ta yi duk dabarar da ta sani. Ta ci da wuri, ta ci kaɗan, ta zubar da jaka kafin a shigo da ita. Amma ciki ba ya jin biki.

Wata tsohuwa ta ɗaga hannu za a yi addu'a. Kowa ya yi shiru.

A cikin shirun nan ne cikin amarya ya yi ƙara. Doguwar ƙara, mai gurnani, wadda har na bakin ƙofa suka ji.

Ba wadda ta motsa.

Sai "ƙit!" daga kusurwa. Zinatu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Wasu 'yan mata biyu suka fara zungurin juna.

A ƙarƙashin mayafi, fuskar Raihanatu ta ɗauki zafi. Tana iya yin shiru, a wayance, a ce ba a san daga ina ba. Ta kuma san in ta yi shiru yau, shiru za ta yi ta yi a gidan nan har ƙarshen zamanta.

Ta sa hannu biyu ta yaye mayafin da kanta.

"La'ilaha!" in ji tsohuwar. "Amarya ta buɗe kanta!"

Raihanatu ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, lalle jajur a hannayenta.

"Iyayena, ku gafarce ni. Ni ce. Cikina ne. Haka yake yi in ya ga dama, ba ya neman izini. Tare munka zo, tare za mu zauna. Wadda ba ta ji da kyau ba ta matso kusa, zai sake."

Duk idanu suka koma kan Hajiya Hindu.

Hajiya ta miƙe a hankali. Ta tako har tsakiyar tabarma, ta tsaya a kan amaryar, fuskarta ba a karanta komai. Sannan ta zauna a gefenta na dama, ta wajen jakar, har kafaɗunsu na gogayya.

"Ni na matso," ta ce. "Zinatu, ke da ke da sauran dariya, ƙarasa ta a waje."

Zinatu ta tashi sum-sum ta fice.

Hajiya ta dubi sauran matan.

"Mi kuke jira? Ba a kawo mini ɗiya ba? Ina masu guɗa?"

Guɗa ta tashi har tantabarun gidan suka watse. A ƙofar zaure Abdulmajid ya ji, ya bar abokansa tsaye ya rugo tsakar gida, hularsa a hannu.

"Lafiya? Mi yaf faru? Rai na, lafiya kike?"

Ta hango shi ta tsakanin kawunan mata, ya rikice, babbar riga ta zame masa daga kafaɗa. Hawayen da ta hana zuba tun a zauren Aliero suka gangaro, tana dariya.

"Lafiya lau, Malam. Koma wajen baƙinka. Na gama gaisawa da dangi."